Yunwa, Ƙawa da Kwaɗayi: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Ƙwaƙwalwa ke Zaɓa Mana Abinci

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a zaman wayar da kai kan abinci da muke yi a nan Tawa ta ƙasar Nijar, wasu daga bakin mata masu zuwa awon ciki, wasu daga dattawan da likita ya rage wa gishiri, wasu kuma daga ɗaliban kiwon lafiya. Kafin a shiga amsoshin, ya kamata a lura da cewa Hausa ta riga ta rarrabe abubuwan da masu bincike suka daɗe suna ƙoƙarin rarrabewa. Akwai yunwa, akwai ƙishirwa, akwai ƙawa irin ta wanda ya daɗe bai ci nama ba, akwai marmari da kwaɗayi, sannan akwai ginsa, wato abinci ya fita daga ran mutum alhali cikinsa da sauran wuri. Kowace tana da tata hanya a cikin ƙwaƙwalwa, kuma ba dukansu ke faɗin gaskiya game da buƙatar jiki ba.

Malam, yunwa a ciki take ko a kai?

A ciki ake jin ta, amma a kai ake yanke hukuncinta. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira hipotalamus, wanda girmansa bai wuce na ƙwallon dabino ba. A shekarar 1940 wasu masu bincike biyu a Amurka, Hetherington da Ranson, suka lalata tsakiyar wannan sashe a jikin ɓeraye, sai ɓerayen suka dinga ci hannu baka hannu ƙwarya har suka yi mummunar ƙiba. A 1951 kuma Anand da Brobeck suka lalata gefensa, sai ɓerayen suka daina ci gaba ɗaya, ga abinci a gabansu.

Daga baya aka gano cewa a cikin wannan sashe akwai rukuni biyu na ƙwayoyin jijiya masu ja-in-ja da juna, ɗaya yana tayar da yunwa, ɗaya yana kwantar da ita, kuma dukansu suna sauraron saƙonnin da jiki ke aiko musu ta cikin jini da ta jijiyoyi. Tumbi idan ya zama fanko yana sakin wani sinadari mai suna girelin, wanda aka gano a Japan a 1999, shi ne mai kiran mutum zuwa ga akushi. Kitsen jiki yana sakin leptin, wanda Jeffrey Friedman ya gano a jami'ar Rockefeller ta birnin New York a 1994, kuma aikinsa shi ne sanar da ƙwaƙwalwa yawan abin da ke cikin rumbu. Hanji na da nasa sinadaran na ƙoshi, irin su GLP-1, sannan akwai wata doguwar jijiya, bagus, da ke kai rahoton yadda tumbi ya cika ya miƙe. Dalilin wannan tsananin sa ido a fili yake, domin ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa a lokacin hutu, kuma ba ta da wani rumbu nata na kanta.

Shin gaskiya ne cewa idan mutum yana marmarin wani abu, jikinsa ne ya rasa shi?

Gaskiya ne a wurare kaɗan, kuma mafi tabbata a cikinsu, bayan ruwa, shi ne gishiri. Makiyayanmu sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Duk shekara, idan damina ta kusa ɗaukewa, garken Abalak da Cintabaraden suna nausawa arewa zuwa filayen Ingal domin dabbobi su lashi ƙasa mai gishiri su sha ruwanta, kuma ayarin raƙuma ya shafe ƙarnoni yana ratsa Tenere zuwa Bilma domin ɗauko kantu. Ciyawa ba ta da isasshen sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, kuma saniyar da ta rasa shi ba sai an koya mata ba, da kanta za ta nemi wurin lasa.

A 1936 Curt Richter na jami'ar Johns Hopkins ya cire wa ɓeraye wasu ƴan halittu biyu da ke zaune bisa ƙoda, waɗanda ke hana gishiri zubewa cikin fitsari. Irin waɗannan ɓeraye kan mutu cikin kwanaki kaɗan, amma da ya ajiye musu ruwan gishiri kusa da ruwan daɗi, sai suka dinga shan na gishirin da yawa, suka rayu. A 1940 shi da likita Wilkins suka ba da labarin wani yaro ɗan shekara uku da rabi wanda tun yana ɗan shekara guda yake lashe gishirin da ke jikin abinci, yana kukan a ba shi tsagwaronsa. Da aka kwantar da shi asibiti aka ɗora shi kan abincin da ake ba kowa, sai ya rasu cikin mako guda, kuma bincike ya nuna cewa waɗancan halittu na bisa ƙoda ne ba su aiki a jikinsa. Abin da aka ɗauka rigimar yaro ce, ashe da ita yake riƙe da ransa. Idan sodiyam ya ragu, jiki yana ƙara wasu sinadarai biyu, aldostiron da anjiyotensin, su isa wasu wurare na ƙwaƙwalwa, har gishirin da a da ya yi wa harshe yawa ya koma mai daɗi.

Sai dai in yi gargaɗi a nan, domin na sha jin ana fakewa da wannan hujja. Yawancinmu ba rashin gishiri ke damunmu ba, yawansa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma a cikin wannan lissafi har da gishirin da ke cikin magi da kilishi da burodi. Manomin da ya yini yana zufa a zafin watan Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, yana da uzuri. Mai zama a inuwa da ya ji miya ta yi masa lami kuwa, sabo ne ke magana a bakinsa, kuma harshe yana sauka daga wannan sabo cikin makonni kaɗan idan aka rage gishirin sannu a hankali.

Ga mafi yawan sinadarai kuwa, jiki shiru yake yi. Mai maƙoƙo ba ya marmarin gishiri mai aidin, yaron da dundumi ya kama ba ya kukan a ba shi hanta ko mangwaro, kuma matuƙan jiragen ruwa na Turai sun shafe ɗaruruwan shekaru suna mutuwa da rashin bitamin C ba tare da jikinsu ya nuna musu lemun tsami ba. Waɗannan da ilimi ake cike su.

Me ya sa nakan ƙoshi da tuwo, amma raina ya ci gaba da neman nama?

Wannan ita ce ƙawa, kuma tana da tushe mai ƙarfi. Abin sha'awa shi ne, mafi kyawun bayaninta daga fara aka samo shi, wannan farar dango da ta cinye gonaki a ƙasarmu a 2004 ta share wa yunwar 2005 hanya. Masu bincike biyu, Stephen Simpson da David Raubenheimer, sun shafe shekaru a jami'ar Oxford suna ciyar da fara da abinci iri-iri, wani mai yawan furotin, wato sinadarin gina jiki, wani mai yawan sitaci. Sun ga cewa idan an ba fara zaɓi, takan haɗa su daidai gwargwadon buƙatarta, idan kuma aka tsare ta a kan abinci mai ƙarancin furotin, sai ta yi ta ci fiye da kima har ta cimma adadin furotin ɗin da take nema, ko da ta tara kitse a hanya. Binciken da suka yi da abokan aikinsu daga baya ya nuna cewa ƴaƴan fara masu tafiya a ƙasa suna cizon junansu, kuma gudun cizon na baya yana cikin abin da ke kora rundunar gaba.

A 2005 suka gabatar da ra'ayin cewa mutum ma haka yake. A ƙasashe da yawa furotin yana tsayawa a wajen kashi 15 cikin 100 na ƙarfin da mutane ke samu daga abinci, ba ya hawa da sauka kamar mai da sitaci, kuma idan aka tsarma shi a cikin abinci, mutum yakan ƙara yawan lomarsa domin ya cike giɓin. An kuma gano wani sinadari da hanta ke saki idan furotin ya yi ƙaranci, sunansa FGF21, wanda a gwajin ɓeraye yake karkata su zuwa ga abinci mai furotin, ya rage musu son zaƙi.

Amfanin wannan a gidajenmu babba ne. Furotin an gina shi da tubala iri 20, kuma 9 daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su, dole a ci su. Hatsi da dawa da masara suna da ƙarancin ɗaya daga cikin taran, mai suna laisin, wake da nono kuwa suna da shi a wadace. Saboda haka fura da nono, shinkafa da wake, tuwo da miyar gyaɗa ko ta busasshen kifin Tabalak, duk haɗi ne da ya fi kowannensu shi kaɗai. Ba lalle sai nama ba. Cuku, ƙosai, ƙwan zabi, dambun da aka cika da zogale da ƙuli-ƙuli, har da soyayyar farar da ake sayarwa a kasuwa, duk suna kashe wannan ƙawa. A ganina, fura da aka dama da ruwa zalla saboda tsadar nono ita ce babbar asarar da talaucin yau ya jawo wa abincin yankinmu na Adar, domin tana cika ciki, ta bar buƙatar jiki a inda take.

Akwai wani tarko kuma. Harshe yana gane furotin ta hanyar wani ɗanɗano na musamman, irin gardin romo, wanda Kikunae Ikeda ya bayyana a Japan a 1908 ya danganta shi da sinadarin gulutamet. Daddawa tana da shi a halitta, tare da furotin ɗinta. Magi kuwa yana kawo ɗanɗanon ne kawai da gishiri mai yawa, sai harshe ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa nama ya shigo, alhali babu abin da ya shigo.

Ina da juna biyu, kuma raina ba ya son komai kamar farar ƙasa da ƙanƙara. Jikina ne ke buƙatarsu?

Hajiya, wannan alama ce da ya kamata ki faɗa wa ungozoma ba tare da jin kunya ba, domin mata da yawa na fama da ita a ɓoye. Cin ƙasa da tauna ƙanƙara suna yawan tafiya tare da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, kuma mai ciki ita ce kan gaba wajen wannan ƙaranci. Sau da yawa son ƙanƙara yakan gushe cikin ɗan lokaci bayan an fara shan maganin ƙarin jini. Ke nan jiki ya ji cewa wani abu ya ragu, amma bai nuna wurin da ya dace ba, tun da ƙanƙara ruwa ce kawai, farar ƙasa kuwa tana iya riƙe ƙarfen da ke cikin abinci ta hana hanji tsotse shi, tana jawo taurin ciki, kuma tana iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki ko dalma.

Abin yi shi ne a auna jininki, ki riƙa shan ƙwayoyin ƙarfe da folik da ake bayarwa wajen awon ciki, ki nemi nama da kifi da wake da ganye gwargwadon hali, tare da tumatir ko lemun tsami da ke taimaka wa hanji ɗaukar ƙarfe. Shayi kuma a nisanta shi da lokacin cin abinci, domin baurin da ke cikinsa yana rage ɗaukar ƙarfen sosai. Sauran marmarin masu ciki, na tsami ko yaji ko tsire, yawanci sauyin ƙanshi da ɗanɗano ne da laulayi ke kawowa, kuma babu laifi a biya shi idan abin mai tsabta ne.

Me ya sa bayan na ƙoshi sarai nake samun wurin lemun kwalba ko fanke?

Dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko shi ne ginsa. A 1981 Barbara Rolls da abokan aikinta suka nuna cewa daɗin abincin da mutum ke ci yana raguwa loma bayan loma, alhali daɗin wanda bai taɓa ba yana nan yadda yake. Wannan tsari alheri ne ga wanda ke rayuwa kan abincin gona da na daji, domin yana tura shi ya gauraya abinci, amma a gidan biki, inda aka jera shinkafa da taliya da nama da waina da lemu, shi ne ke sa mutum ya ci rabon mutum biyu.

Na biyu shi ne matsayin zaƙi a wurin ƙwaƙwalwa. Jariri tun ranar haihuwarsa yana sakin fuska idan aka ɗiga masa zaƙi, ya yamutsa ta idan ya ji ɗaci, domin a daji zaƙi alamar ƙarfi ne, ɗaci kuma sau da yawa alamar guba. Duk wanda ya san yadda ake jiƙa anza kwana da kwanaki ana sauya mata ruwa kafin ta ciwu ya san cewa wannan gargaɗi ba na banza ba ne. Son sukari bai tsaya a harshe ba. A 2008 Ivan de Araujo ya gwada ɓerayen da ba su iya jin zaƙi ko kaɗan, amma duk da haka suka koyi fifita ruwan sukari, saboda hanji da kansa yana gane sukari ya aika saƙo sama, ƙwaƙwalwa ta saki dofamin, sinadarin da ke sa a koma neman abu. Kent Berridge na jami'ar Michigan ya nuna cewa neman abu da jin daɗinsa hanyoyi biyu ne mabambanta, shi ya sa mutum zai iya kasa haƙura da shayi mai sukari cokali huɗu alhali ya daɗe da daina jin wani santi a cikinsa.

Abincin da ya haɗa mai da sitaci ko sukari wuri guda, wanda ba ya buƙatar tauna sosai, shi ya fi rinjayar wannan tsari. A 2019 Kevin Hall ya tsare mutum 20 a wata cibiyar bincike a Amurka, ya ba su abincin masana'anta na mako biyu da abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya na mako biyu, kowa ya ci iya son ransa. A kan na masana'antar sun ƙara cin kimanin kalori 500 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa) kowace rana, suka ƙara kusan kilo guda. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin yini, wato wajen giram 50 ga babba.

Na taɓa yin amai bayan na ci wani abinci, yanzu ko warinsa ba na so. Me ya faru?

Ƙwaƙwalwa ce ta ɗaure ɗanɗanon da tashin zuciyar, kuma darasi guda ya ishe ta. John Garcia ya nuna haka tun a 1955, inda ɓerayen da aka sa wa ciwon ciki bayan sun sha wani ruwa mai zaƙi suka guje shi daga baya, kuma binciken da ya biyo ya tabbatar da cewa haɗin yana ƙulluwa ko da sa'o'i sun shiga tsakani. Sau da yawa abincin ba shi da laifi, zazzaɓin cizon sauro ne ya zo daidai lokacin. Saboda haka ba na ba da shawarar a matsa wa marar lafiya mai tashin zuciya da abincin da ake son ya riƙe tsawon rayuwarsa.

Idan jiki yana da wannan hikima, me zai hana a bar yaro ya zaɓi abin da yake so?

Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da aikin wata likitar yara a Amurka, Clara Davis, wadda ta fara wallafa sakamakonta a 1928. Ta ɗauki jarirai 15 da aka fara yayewa, ta riƙa jera musu abinci daga cikin iri fiye da 30, masu reno ba su tura wa yaro komai sai abin da ya miƙa wa hannu. Wani yaro yakan nace wa abu guda na kwanaki sannan ya sauya, amma a ƙarshe duk suka girma lafiya. Sai dai a duba abin da ke kan faifan: nama, hanta, ƙwai, kifi, nono, hatsi, ganye da ƴaƴan itace, babu sukari, babu alewa, babu soye-soye. Ita kanta ta yarda cewa sirrin yana cikin abin da manya suka jera. Yaron da ke da kuɗin alewa a hannu a ƙofar makaranta ba a cikin wannan yanayi yake ba.

Zaɓin yaro koyo ne, kuma koyon yana farawa tun a ciki. A 2001 Julie Mennella ta nuna cewa jariran da iyayensu mata suka sha ruwan karas a ƙarshen goyon ciki ko a farkon shayarwa sun fi karɓar kunu mai ɗanɗanon karas. Ƙanshin abin da uwa ke ci yana ratsa ruwan mahaifa da nono, don haka ɗan da uwarsa ke cin miyar kuka da daddawa da albasar Galmi ya san su kafin ya ga tukunya. Daga wajen shekara biyu zuwa shida yara kan ƙi baƙon abinci, musamman ganye mai ɗan ɗaci, kuma wannan ɗabi'a ce ta halitta. Maganinta maimaici ne cikin natsuwa, domin yaro yakan buƙaci a gabatar masa da abu sau goma ko fiye kafin ya karɓa, iyaye da yawa kuwa a karo na uku suke sallamawa. Ganin manya da yayye suna ci daga akushi guda yana aiki fiye da lallashi. Ɗure kuma ina roƙon iyaye mata da kakanni su bar shi, domin ban da haɗarin kunu ya faɗa hanyar numfashi, yana haɗa abincin da tsoro a zuciyar yaro ta irin hanyar da aka bayyana a tambayar da ta gabata.

Yaro ya rame ƙwarai amma ba ya karɓar abinci. Ashe ba yunwa ce ke damunsa ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi tayar mini da hankali, domin kuskure a cikinta yana cin rai. Tamowa idan ta yi tsanani, ko ta haɗu da wata cuta, tana kashe yunwar kanta. Sinadaran da jiki ke saki domin yaƙar ƙwayar cuta suna isa hipotalamus su danne son abinci, ƙarancin zink kuma yana dushe ɗanɗano. Shi ya sa a cibiyoyin kula da tamowa ake yi wa yaro gwajin cin abinci da ƙunshin nan na gyaɗa da madara, Plumpy'Nut, wanda André Briend da Michel Lescanne suka haɗa a Faransa a 1996, aka kuma yi amfani da shi sosai a Maraɗi a 2005. Yaron da ya ci ana iya jinyarsa a gida, wanda ya ƙi kuwa kwantar da shi ake yi. Rashin ci ga ramammen yaro alamar gaggawa ce, kada a jira yunwa ta dawo masa da kanta. Ƙunshin kuma, mai giram 92 da kalori 500, magani ne na wannan yaro, ba abin rabawa ga sauran ƴan gida ba.

Me ya sa kwanakin farko na azumi suka fi wuya?

Girelin yana bin agogon sabo, yakan tashi gab da lokutan da mutum ya saba cin abinci, ya sauka bayansu ko da ba a ci ba. A farkon Ramadan yana buga ƙofa da hantsi da azahar kamar kullum, sai bayan kwanaki jiki ya daidaita da sabon tsari. Yunwa kuma tana ƙara wa abinci mai mai da zaƙi kwarjini a idon mai azumi, shi ya sa sayayyar la'asar takan wuce abin da ciki zai ɗauka. Saƙonnin ƙoshi daga hanji suna ɗaukar mintuna kafin su kai, saboda haka buɗa baki da dabino da ruwa, a yi sallar magariba sannan a dawo ga abinci, yana ba su lokacin isa. Hadisin da ya raba ciki kashi uku, ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, ya dace da wannan. Ga sahur, wake da nono da ƙwai sun fi burodi da shayi riƙe ciki. Ƙarancin barci ma yana da hannu, domin a wani gwaji na jami'ar Chicago a 2004, samarin da aka taƙaita wa barci zuwa sa'a 4 na dare biyu leptin ɗinsu ya ragu da kashi 18 cikin 100, girelin ya hau da kashi 28.

Magungunan ƙara ƙiba da ake sayarwa a kasuwa fa, da kuma alluran rage ƙiba da ake ta magana a kansu?

Dukansu a kan waɗannan hanyoyi na ƙwaƙwalwa suke aiki, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙiba da rama ba ma'aunin ƙarfin hali ba ne. A 1997 likitoci a Cambridge ta Ingila suka bayyana wasu yara biyu ƴan dangi guda da aka haifa ba su da leptin, masu yunwar da ba ta ƙarewa, kuma da aka fara yi wa masu irin wannan lalura allurar leptin, sai cinsu ya daidaita. Irin wannan ba ta da yawa, amma gado yana da babban rabo a yadda kowa ke jin yunwa da ƙoshi, saboda haka gori ga mai ƙiba ko ga siririyar amarya zalunci ne.

Abin da ƴan mata ke sha domin su yi jiki kafin aure yawanci iri biyu ne. Akwai siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da mura, wanda ke toshe wasu saƙonnin ƙoshi a ƙwaƙwalwa, ya kawo ci da barci mai nauyi. Akwai kuma deksametazon, wanda ya fi haɗari nesa ba kusa ba, domin yana kumbura fuska da ciki, ya sirantar da hannuwa da ƙafafu, ya tayar da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Alluran rage ƙiba irin su semaglutid kuwa suna kwaikwayon GLP-1 na hanji ne, suna aiki da gaske, amma suna da tsada, suna iya kawo tashin zuciya, yunwa takan dawo idan aka daina, kuma an sha kama na jabu a ƙasashe daban-daban, don haka sai da likita.

Wadda ta riga ta daɗe tana shan deksametazon kada ta yanke shi dare ɗaya, domin waɗancan halittu na bisa ƙoda sun yi sanyi a tsawon lokacin da take sha, kuma tsayawa kwatsam yana iya kayar da jininta har ta suma. Ta tafi wurin likita da kwalin maganin a hannunta, ta faɗi tsawon lokacin da ta yi tana sha da adadin ƙwayoyin da take haɗiya a yini, a tsara mata yadda za ta rage shi mataki-mataki.